Kaset Ɗin Auta

Shekara goma sha tara na yi ina ɗaukar bidiyo kafin wayar hannu ta zo ta kore mu daga sana'a, kowa ya zama mai hoton kansa. Yanzu hoton fasfo nake ɗauka a wani ɗan shago da ke maƙale tsakanin tela da mai sayar da fenti, amma har gobe Mai Hoto ake kirana, kuma mahaifiyata, Inna, ita ta fara raɗa min sunan don tsokana. Na faɗi wannan ne don kada a zaci abin da zan ba da labari baƙon aiki ya samu. Na'urorin da na haɗa da allo da hannuna ba za su ƙirgu ba. Ko idona a rufe na san rawayar waya ta hoto ce, fara da ja na sauti.

Ranar da likitan ido ya gama duba Inna, ya fito da ni da Yayata baranda ya gaya mana gaskiya ba ƙumbiya-ƙumbiya. Hawan jinin ido ne. Ya riga ya cinye na hagu, na dama kuma saura ɗan tsakiya, kamar mai leƙe ta kafar makulli. Magani gudu kawai zai rage masa. Na tambaye shi wata nawa ya rage. Ya ce shi ba ya ƙidaya wa mutane watanni, amma in akwai abin da take son gani, a nuna mata da wuri.

Mun ɗauka ba ta ji ba. Ashe idon ne ya tafi, kunnen yana nan garau. Muna isa gida ko mayafi ba ta cire ba, ta sa Yaya ta jawo mata akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado. Ta lalubi ƙasan zannuwanta ta zaro wani abu a naɗe cikin leda biyu ta miƙo min. Tun kafin in kwance na gane nauyinsa a hannuna. Kaset ɗin bidiyo ne.

Auta ƙanenmu ne. Yana da shekara ashirin da shida ciwon kwana huɗu ya ɗauke shi, yau shekara ashirin da biyu ke nan. Hotunansa biyu muke da su, duka na katin makaranta, ya ƙame ya haɗe baki kamar an tsare shi. Wanda ya san Auta kuwa ya san wannan ba shi ba ne. Auta baki ne. Tun daga ƙofar gida ake jin dawowarsa, yana kwaikwayon maƙwabta, yana yi wa Inna ciniki a kan wankin da bai yi ba, yana ba da labarin abin da bai faru ba har ka rantse kana wurin. Ranar da na shigo da kyamarata ta farko, irin babbar nan ta kafaɗa mai haɗiye kaset ɗungurungum, a tsakar gidanmu na gwada ta. Inna tana wanki, Auta ya tsaya gaban kyamara ya ƙi matsawa. Wajen minti ashirin na ɗauke shi. Bayan rasuwarsa ba wanda ya iya kallo, kaset ɗin ya ɓace daga cikin kayana, ni kuma ban nema ba. Ashe yana ƙasan zannuwan Inna.

"Ka sa min wannan, Mai Hoto," in ji Inna. "In gan shi yana motsi, in ji bakin nan nasa. Fuskar ina riƙe da ita. Muryar ce ta fara kuɓuce min. In na kira ta a raina, sai taka ta zo, ko ta babanku."

"Wannan ai ƙaramin aiki ne, Inna. Gobe-goben nan."

Haka na faɗa, har da kaɗa hannu. Da bakin mutum yana da birki, da ranar na taka nawa.

Na farko dai ba ni da na'urar kunna kaset. Tawa na daɗe da ba 'yan gwangwan. Na nufi bayan kasuwa wurin Dogo mai gyaran rediyo, tsohon abokina, wanda shagonsa ya zama maƙabartar talabijin, an jibga su har rufi, shi kuma yana tsakiya da tabarau a kan hanci. Ya tona ya tona ya zaro wata na'ura daga ƙarƙashin tarin fankoki, ya hure ƙura muka yi ta tari. Da ya buɗe ta, robar da ke juya kaset ta narke ta zama kwalta. Ya karɓi kaset ɗin ya ɗaga murfinsa ya duba a hasken ƙofa, ya nuna min fari-farin fumfuna a gefen zaren kaset ɗin.

"Haihuwar guzuma ke nan," in ji shi. "Ɗa kwance, uwa kwance. Wanne zan fara tasowa?"

"Duka biyun. Kuma da sauri."

"Sauri? Kai da ka bar shi shekara ashirin?"

Kwana shida ya yi a kansu. Ya yanko roba daga wata matacciyar na'ura, ya goge kan da ke karanta zare, ya warware kaset ɗin a hankali yana share shi da ƙyalle mai laushi taku-taku. Da zai ba ni ya riƙe hannuna.

"Ka ji ni da kyau. Zaren nan ya gaji, bayansa yana zuba. Sau biyu zai yi tafiya lafiya, in ka yi sa'a uku. Kada ka yi ta gwaji da shi. Ga wani kaset na wasan ƙwallo, yi duk gwajinka da wannan."

Sai maganar allo. Talabijin ɗin falon Inna ƙarama ce, kuma irin ta yanzu, na juya bayanta ban ga ramukan nan uku masu launi ba. Ta gidan Yaya ma haka. Dogo yana da tsohuwa mai ƙusumbi da take da ramukan, amma fuskarta tafin hannu biyu ce, haskenta kuma ya dushe, mai lafiyar ido ma sai ya ƙanƙance. Abin da ya fi girma da haske a duk abin da hannuna zai kai shi ne allon kwamfutar shagona, wanda nake gyara hotunan fasfo a kai. Shi kuwa ramuka biyu ne kacal a bayansa, wani shuɗi mai ƙananan huji goma sha biyar, da wani siriri mai faɗi da ake ce wa HDMI. Na tsaya riƙe da wayoyina uku kamar baƙon da ya zo da makullin wani gida.

Maganin abin wata 'yar akwati ce da ba ta kai kwalin ashana biyu ba, kanbata ake ce mata. Wayoyi uku su shiga ta gefe guda, siririyar waya ta fita ta ɗaya gefen zuwa allo. Na je layin masu kayan lantarki na sayo, ban tambayi kowa komai ba, ni da na girmi rabin masu shagunan a wannan aiki. Na dawo na haɗa, na ba ta wuta, na tura kaset ɗin ƙwallo. Allo ya yi baƙi ya rubuta cewa ba ya samun komai. Na sauya waya. Na kankare bakin filogi da reza. Na zargi na'ura, na zargi allo, na zargi Dogo da kakanninsa. Kwana biyu ina wannan hauka kafin girman kai ya sake ni na kai wa Dogo. Ya juya 'yar akwatin ya nuna min wata kibiya da farcensa.

"Wannan daga sabo zuwa tsoho take kai kaya. Kai kuma daga tsoho zuwa sabo kake nema. Kamarsu ɗaya, hanyarsu daban."

"To ina ake samun ɗayar?"

"Wa ke neman ta yanzu? Sai dai a aiko maka."

Kwana tara aka yi kafin ta iso. A cikin kwanakin nan kullum sai na biya gidan Inna bayan na rufe shago, kuma kullum sai na ga abin da aka rage mata. Ranar farko ta miƙa hannu ɗaukar kofi ta kama iska. Bayan kwana uku na shigo ta gaishe ni da gaisuwar baƙo, sai da na yi magana ta ce, "Au, kai ne." Ba ta taɓa tambayata ina aka kwana ba. Da ma ta tambaya, da na sami abin kare kaina. Yaya ce dai ba ta raga min.

"Kai fa ka ce gobe," ta ce da ni a soro, murya ƙasa-ƙasa. "Yau kwana goma sha bakwai da goben."

"Yaya, kaya nake jira."

"Idon kuma ya ce maka zai jira?"

Tsoro ne ya cika ni, irin wanda ke sa mutum faɗa da wanda bai yi masa komai ba. A ranar na yi wa tela maƙwabcina masifa a kan zare da iska ta kwaso min ƙofar shago.

Da 'yar akwatin ta gaskiya ta zo, na rufe shago da rana tsaka na haɗa. 'Yan ƙwallo suka bayyana, amma baƙi da fari, suna ta gangarawa sama kamar ana jan su da igiya. Wannan kam na san shi. Akwai ɗan maɓalli a gefenta, na tura shi da tsinken ashana, hoto ya tsaya cak, fili ya yi kore. Allon kwamfuta ba shi da lasifika, don haka na je na ba tela haƙuri na aro tasa, wata baƙa mai maɓallin murɗawa. Na ja farar waya daga bayan na'ura kai tsaye zuwa cikinta. Ihun 'yan kallo ya cika shago har mai fenti ya leƙo. Hoto ya samu, sauti ya samu.

Daga nan na murɗe lasifika na kashe, don kada maƙwabta su ji abin da ba nasu ba, na tura kaset ɗin Auta. Allo ya yi ƙasa-ƙasa, ya yi rawa, sai ga tsakar gidanmu na da, da igiyar shanya da tsohuwar randa. Sai ga shi. Farar riga, wuyanta a buɗe, ya kawo fuskarsa daf da kyamara har hancinsa ya cika allon, ya ja baya yana dariya. Ban kai minti guda ba na tsayar. Na ce wa kaina gargaɗin Dogo nake bi. Gaskiyar ita ce ƙirjina ne ya kasa ɗauka. Na zauna a kan kujerar da masu fasfo ke zama na yi kukan da ban yi ba ranar da muka binne shi.

Washegari da hantsi na ɗauko mai a-daidaita muka kwaso kayan. Allon na rungume shi a cinya kamar jariri. A falon Inna na jawo teburin tsakiya na ɗora shi, na'ura a ƙasa, lasifika a gefen kujerarta ta dama. Yaya ta saki labule don hasken taga kada ya kashe na allo. Na durƙusa na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya ina faɗa a raina: rawaya daga na'ura zuwa kanbata, siririya daga kanbata zuwa allo, wayar wuta, farar waya zuwa lasifika. Na ƙure hasken allon har ƙarshe. Yaya ta kamo Inna ta zaunar da ita, muka matso da kujerar har gwiwarta ta taɓa teburin. Ta yi wanka ta sa sabon zane, har da turare, kamar mai jiran baƙo.

Mu masu bidiyo hoto muke fara saki, sai ya zauna daram sannan mu ɗago sauti. Haka na yi. Tsakar gida ya fito, Auta ya kawo fuska. Yaya ta toshe baki da gefen mayafinta.

"Ina yake?" in ji Inna.

"Ga shi nan gabanki, Inna. Mai farar riga."

Ta sunkuyo. Ta karkata kai dama, ta karkata hagu, tana neman inda ɗan ragowar idon zai kama. Ta matsa har numfashinta ya yi wa gilashin hazo. Ta ɗora tafin hannu a kan allon, daidai kafaɗarsa, amma ita ba ta san kafaɗarsa ba ce.

"Ina ganin haske yana motsi," ta ce. "Fari-fari. Shi ne?"

"Shi ne."

Ta daɗe a haka. Sannan ta janye hannu ta jingina da kujera.

"An makara, Mai Hoto. Ba komai, ba laifin kowa ba ne. Bar hoton, ƙaro min muryar."

Na ce a raina ko wannan ya samu an rage asara. Na murɗa maɓallin lasifika.

Kiɗa ne ya fito. Wani kiɗan piyano na roba, mai ɗan ganga-ganga a ƙasa, ba waƙa ba magana. Bakin Auta yana ta motsi a allo, kiɗa yana ta tsalle a falo. Na ɗauka lasifikar tela ce ta kamo tashar rediyo. Na zare farar waya, kiɗa ya ɗauke. Na mayar, ya dawo daga inda ya kai. Na sake zarewa na sake mayarwa, kamar wanda ke fatan waya za ta canja ra'ayi. A karo na uku ne na gane kiɗan.

A zamaninmu, barin ainihin sautin wuri a kaset abin kunya ne ga mai bidiyo. Iska tana bugun makirufo, yara suna kuka, wata tana gulmar wata a bayan kyamara, wa zai so wannan a taronsa? Gwani shi ne wanda zai zauna bayan taro ya ɗora kiɗa a kai, hoto yana tafiya kiɗa yana rakiya. Akwai jan maɓalli na musamman don haka. In ka danna shi, hoto yana nan yadda yake, sautin da ke ƙasa kuwa sabon yana shiga yana share shi, taku bayan taku. Lokacin da na sayi kyamara ba wanda ya san ni, kuma duk wanda na je neman aiki wurinsa sai ya ce in nuna masa samfur. Kaset ɗaya nake da shi a duniya. Na zauna wata rana da yamma na ɗora masa kiɗan da duk masu bidiyon garin ke yayi, na yi ta yawo da shi gida-gida. Da shi na sami aikina na farko. Auta ma ya kalla ya yi ta dariya, ya ce na mayar da shi ɗan fim. A lokacin me za a yi da muryar Auta a kaset? Ga ta nan ta cika gida, har roƙonsa muke ya rage.

Kasetoci ɗaruruwa na yi wa haka daga baya, shi ya sa wannan ya nutse a cikinsu na manta. Ba wani ne ya yi min ba. Ba fumfuna ba ce, ba tsufan zare ba, ba 'yar akwati ba. Yatsana ne.

"Wannan kiɗan fa?" in ji Inna. "Rage shi in ji yaron."

Na tsayar da kaset. Na faɗa musu, ina durƙushe a gaban teburin, ban ɗaga kai ba. Na yi bayanin samfur, na yi bayanin jan maɓalli, ina jin yadda bayanin ke fita ba daɗin ji.

"Ka shafe?" in ji Yaya. "Da hannunka ka shafe shi ka sa wannan tarkacen?"

"Haka ake yi a lokacin, Yaya. Kowa haka yake yi."

"Kowa ƙanensa ya shafe?"

"Ke, bari," in ji Inna. "Ya san zai mutu ne?"

Wannan kariyar ta fi zagin Yaya zafi. Na fita baranda na kira Dogo. Ya saurara har na gama. Ya ce akwai kyamarorin da ke ajiye sauti hawa biyu, na sama da na ƙasa, jan maɓalli na sama kawai yake ci. In duba gaban na'urar, akwai wurin zaɓar sauti, in tura shi ɗaya gefen. Na koma da gudu har na yi tuntuɓe da wayar wuta. Na tura, na kunna. Kiɗa ya ɗauke. Muka kasa kunne mu uku. Shuuu kawai lasifika take yi. Na ƙure ta, shuuu ɗin ya ƙara ƙarfi. Dogo yana kan layi yana ji.

"Wace iri ce kyamarar taka ta farko?" ya tambaya.

Na faɗa masa.

"Hawa ɗaya gare ta," ya ce. "Sai haƙuri, abokina."

Na kai hannu zan fitar da kaset ɗin, Inna ta ji motsina.

"Bar shi ya tafi. Mayar da kiɗan ma, ya fi wannan hucin. Ke kuma zo nan ki gaya min abin da yake yi."

Yaya ta share fuska ta zauna a hannun kujerar Inna. Haka muka yi zaman nan, labule a sake, rana tana dukan rufi, kiɗan piyano yana tafiya, Yaya tana ba da labari da muryar da ke karyewa.

"Ya ɗauki bokiti ya kifa a kansa. Yana sara wa kyamara. Yanzu ya cire. Ga ki nan, Inna, kina wanki, kin ɗaure zane a ƙirji. Ya zagaya bayanki yana kwaikwayon tafiyar Baba, hannu a baya, ciki a gaba."

"Ɗan banza," in ji Inna, bakinta ya ɗan motsa.

"Kin watsa masa ruwan kumfa. Ya kauce. Ya dawo ya tsuguna gabanki yana gaya miki wani abu, yana ƙirga yatsu. Kina dariya har kin saki wankin."

"Me yake cewa?"

Yaya ta kalle ni. Na matsa kusa da allon na zuba wa leɓunansa ido. Shekara goma sha tara ina kallon bakunan mutane ta cikin kyamara, amma ban iya tsintar kalma ɗaya ba. Auta da sauri yake magana, yana yi yana dariya, yana juya kai. Na ga kamar ya ce Inna. Wataƙila kuma ba haka ya ce ba.

"Ba a ganewa," na ce.

"Ni da aka gaya wa ma ban riƙe ba," in ji Inna. "Na ɗauka kullum zai sake faɗa."

Daga nan ba ta ƙara tambaya ba. Yaya ta ci gaba da faɗa, tana raguwa, har ta yi shiru ita ma. Layuka suka fara ratsa hoton, zaren yana zuba kamar yadda Dogo ya ce. Na san tafiyarsa ta ƙarshe yake yi, kuma ba ni da abin da zan kwafe shi da shi a ranar, don duk hankalina a kan allo na sa shi. Na zauna a ƙasa na jingina da bango ina jin kiɗan da na taɓa alfahari da shi.

Can kusa da ƙarshe kiɗan ya kai iyakarsa. Ashe ya gaza hoton da 'yan daƙiƙu, ni kuma a wancan lokacin ban damu in cike ba. Aka ji ƙas, sai iska. Iskar tsakar gidanmu ta shekara ashirin da biyar da suka wuce, da ƙarar ruwa a baho, da kaza can nesa. Inna ta miƙe zaune, ta kamo lasifika da hannu biyu ta kai kunne. A allo Auta ya juyo ya fuskanci kyamara. Sai murya ta fito, kusa da makirufo, ƙatuwa, ta saurayi mai ji da kansa:

"Kai Auta, rufe mana baki haka nan, aiki nake yi."

Auta ya ɗaga gira, ya ja numfashi, ya buɗe baki zai rama. A nan na kashe kyamara a wancan lokacin. Allo ya koma shuɗi.

Na'ura ta kai ƙarshen zare ta yi ƙara ta tsaya da kanta. Inna tana nan rungume da lasifikar tela, kunnenta manne da ita.

"Wannan kai ne," ta ce.

"Ni ne, Inna."

"To me ya amsa maka? Auta ba ya barin magana ta faɗi ƙasa."

Na nema. Allah ya sani na nema. Na tuna nauyin kyamarar a kafaɗata, na tuna zafin ranar, na tuna har kalar takalmin da na sa. Na so in ƙirƙiro mata wani abu mai ban dariya irin nasa, na buɗe baki na ce, "Ya ce..." sai na ji muryar da ke fita, ita ce dai wadda ta gama ji a lasifika, ta tsufa kawai. Ta jira ni, fuskarta a juye wajen da take zaton nake.

"Ban tuna ba, Inna."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta lalubi teburin ta ajiye lasifikar, ta gyara mata zama don kada ta faɗi, kayan aro ne. Ta miƙa wa Yaya hannu.

"Tashe ni, in ɗan kwanta."

Yaya ta kama ta suka nufi ɗaki, tana jan ƙafa tana laluben ƙasa da yatsunta. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Mai Hoto, sannu da wahala. Ka naɗe wayoyin nan naka kafin ka tafi, kada in harɗe."